Wa Ya Ƙirga Ungulayen Falgore?

Duk saurayin da ya rataya kyamara da tabarau mai hangen nesa, ya tsaya a bakin Dajin Falgore yana ɗaga kai sama, to ya shirya amsa ɗaya cikin sunaye uku: mara aikin yi, ko ɗan koren Turawa, ko ɗan leƙen asirin ɓarayin daji. Masu kiran sa da na ukun ina yi musu uzuri, domin mutanen Tudun Wada da Doguwa sun ɗanɗana kuɗarsu a hannun ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane da suka sha fakewa a dajin nan, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Biyun farko kuwa ba su da madafa, da su zan yi.

A fara da tambaya mai sauƙi. Yaushe rabon da a ga ungulu ta sauka a mahautar Tudun Wada ran kasuwa? Dattawa za su ce a da sai an kore ta da sanda kafin a feɗe sa. A tambaye su shekarar da ta ɗauke ƙafa, ko nawa ne adadinta kafin nan, sai a yi ta kallon kallo. Tsuntsuwar da Bahaushe ya cika karin maganarsa da ita, wadda ba ta jewar banza, wadda ake ce wa ta koma gidanta na tsamiya, ta bar tsamiyar ba tare da ko mutum ɗaya ya rubuta ranar tafiyarta ba. A 2015 hukumar IUCN ta sanya wannan ungulu ta cikin gari a jerin halittun da ke dab da ƙarewa. Mu da muka yi maƙwabtaka da ita, daga waje aka aiko mana da labarin.

Ta yaya na wajen suka sani? Ta hanyar aikin nan da muke kira zaman banza. Wani Bafaranshe, Jean-Marc Thiollay, ya bi hanyoyin Mali da Burkina Faso da Nijar tsakanin 1969 da 1973 yana ƙirga shahuna da mikiyoyi da ungulaye, sannan ya koma kan hanyoyin bayan kimanin shekara 30 ya sake ƙirgawa. Irin wannan lissafi aka tattara daga sassan Afirka a binciken da aka buga a farkon 2024, wanda ya nuna cewa cikin nau'o'i 42 na tsuntsaye masu farauta da aka duba, 37 sun ragu. Ba sihiri a ciki: mutum ne ya tsaya, ya duba, ya rubuta.

Sai wani ya ce, to in sun ƙare fa? Shirwa dai kaji take ɗauke mana. Gaskiya ne tana ɗauka, kuma ban ga laifin matar da ta jefe ta don kare 'yan tsakinta ba. Amma manomin shinkafa da masara a ƙasar Tudun Wada ya lissafa ɓerayen da shaho da mujiya ke kwashe masa daga gona ba ko sisin lada, ya lissafa farar da shirwar ke cinyewa. Ungulu kuwa ma'aikaciyar tsafta ce da ba ta yajin aiki. Ruwan cikinta yana kashe ƙwayoyin cutar da ke cikin mushe, har da na ciwon saifa. Indiya ta gane haka bayan bakin alƙalami ya bushe. Maganin dabbobi mai suna diklofenak ya hallaka fiye da kashi 95 cikin ɗari na wasu nau'o'in ungulayenta, kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan bola suka yawaita. Masana tattalin arziki biyu, Eyal Frank da Anant Sudarshan, sun ƙiyasta cewa rashin ungulun ya jawo mutuwar mutane kusan 500,000 daga 2000 zuwa 2005.

A nan kuwa ba kuskuren magani ne babban makashinta ba, ganganci ne. Kan ungulu haja ce a rumfunan masu sayar da kayan tsibbu, ana neman sa don farin jini, ko sa'ar kasuwa, ko cin zaɓe. Don samun kawunan ake barbaɗa guba a kan mushe, a kwashe garke guda da hantsi ɗaya. A farkon 2020 an kashe fiye da 2,000 ta wannan hanya a Gine-Bisau. Ita kuma ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Abin da ke ba ni mamaki, mai sayen kan ungulu don ya yi arziki ba a kiran sa mara hankali. Mai ɗaukar hotonta tana raye shi ne abin dariya.

Maganar cewa al'adar Turawa ce, wannan ita ce mafi rauni. Wanda ya raba shaho da shirwa, ya raba gaggafa da mikiya, ya ba kowanne suna da kirari, ba Bature ba ne. Kakanninmu ne, kuma ba su yi haka ido a rufe ba. Abin da ya ƙaru yau shi ne kyamara, wadda ke liƙa wa gani rana da wuri, ta mai da shi shaida. Hoton sheƙar gaggafa a kan wata bishiya hujja ce ranar da mai gawayi ya zo da gatari. Sai dai in ja kunnen masu kyamarar su ma: wanda ya ɗaure ɗan tsako don ya jawo shaho, ko ya hau bishiya ya tayar da uwa daga kan ƙwai don hoto ya fito sarai, shi da mai guba hanyarsu ɗaya, tazara ce kawai tsakani.

Falgore ya zama gandun namun daji tun 1969, kuma yana cikin wuraren da aka amince da muhimmancinsu ga tsuntsaye a Najeriya. Titin da ya ratsa shi, shi ne ke kai mutum Jos, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI take, wadda ke jagorantar shirin taswirar tsuntsayen ƙasar nan tun 2015, kuma wayar hannu ta isa mutum ya shiga. Abin da ya rage bai kai kuɗin motar kwamishina ɗaya ba. Gwamnatin Kano ta yi wa matasan Tudun Wada, Doguwa, Kiru da Bebeji masu wannan sha'awa rajista, ta ba su katin shaida da dagatai da 'yan sintiri da sojojin da ke dajin za su gane, ta haɗa su da masu gadin gandun. A fara da mahautu da bakin Tiga, inda ba a bukatar rakiya, a ƙirga sau ɗaya kowane wata, a ajiye lissafin a Jami'ar Bayero inda kowa zai iya dubawa.