A bar yaran su juyi wasan taurari zuwa Hausa



Makonni uku da suka wuce, wasu samari na unguwarmu a Umdurman suka zo zauren Baba Sarki da buƙatar da ban taɓa rubuta irinta a kundin zaure ba. Suna neman aron ɗakin da ke jikin masallaci, kwana biyu a mako bayan la'asar, su koya wa ƙannensu rubuta shirin kwamfuta. Abin da za su yi darasi da shi wani tsohon wasa ne na yaƙin jiragen sararin samaniya, wanda babu hoto ko ɗaya a cikinsa sai haruffa da lambobi, kuma suna so su mayar da shi Hausa. Dattawa suka rabu biyu. Ni a zaure aikina in rubuta abin da aka faɗa, ba a tambayar magatakarda ra'ayinsa. To, ga shi a nan: a ba su ɗakin.

Sunan wasan Star Trek, an ɗauko shi daga wani shirin talabijin na Amurka. Wani ɗan sakandare mai suna Mike Mayfield ne ya rubuta shi a 1971 da harshen BASIC, a kan wata katafariyar kwamfuta, Sigma 7, ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine. Ba shi da allon kallo. Na'urar tana buga amsa ne a takarda kamar tafireta, harafi goma a daƙiƙa. Saboda haka ya raba sararin samaniya gida takwas sau takwas, kowane gida kuma ya sake raba shi takwas sau takwas, kamar mai zana hatimi. Jirginka alama ce tsakanin baka biyu, abokin gaba alamar tarawa uku, tauraro ɗigo mai ƙahoni. Ana ba ka kwanaki ƙididdigaggu da makamashi ƙididdigagge. Kowace tafiya tana cin makamashi, kowane harbi yana ci, garkuwa ma tana ci. Wanda bai iya lissafin guzuri da nisan tasha ba, jirginsa zai mace masa a hanya tun abokin gaba bai taɓa shi ba.

Amma abin da ya ja hankalina shi ne yadda wasan ya rayu. Da Mayfield ya samu izinin aiki da wata kwamfutar, HP 2000C, sai ya tarar BASIC ɗinta ya saɓa da na farko, dole ya sake rubuta shirin, ya gama a Oktoba 1972. Kamfanin HP ya sa shi cikin taskar shirye-shiryen da kowa ke iya ɗauka. Daga nan David Ahl da Mary Cole na kamfanin DEC suka juya shi zuwa BASIC na tasu na'urar, ya fito a littafin wasanni 101 da Ahl ya buga a 1973. A 1974 wani injiniya, Bob Leedom, ya kai shi kan kwamfutar Nova, ya faɗaɗa shi, ya musanya umarnin lamba da gajerun kalmomi masu harafi uku, aka kira nasa Super Star Trek. Shi ne ya shiga bugun 1978 na littafin Ahl, wanda aka sayar da kwafi fiye da miliyan. Sigma 7 ta daɗe da zama kayan tarihi, haka HP 2000C, haka Nova. Shirin kuwa yana nan, layuka 'yan ɗaruruwa, har ya iso Umdurman a wayar wani yaro.

Wanda ya yi karatun allo ba baƙo ne ga wannan ba. Allah ya tsare ni da daidaita wasa da littafin addini. Hanyar nake nufi, ba darajar ba. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda suka biyo hanyar Hajji suka yada zango a Mai Wurno da Gadarif da Kasala, ba ɗakin karatu suka ɗauko a ka ba. Gafaka suka rataya. Takarda ta tsufa, almajiri ya juye ta, ya rubuta sunansa a ƙarshe yana roƙon addu'a. Sun zo da rubutun da fa'unsa ke da ɗigo a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, suka tarar da mutanen nan suna ɗiga su dabam, jikoki suka koyi karanta duka biyun. Nana Asma'u ta mayar da waƙar mahaifinta Shehu, Tabbat Haƙiƙa, daga Fillanci zuwa Hausa domin ta kai ga waɗanda ba sa jin Fillanci. Ishiriniyar da muke rerawa a Mauludi ma, ta Alfazazi ce da tahmisin Ibn Mahib: wani ya gina, wani ya ƙara ɗaki bai rushe na farko ba. Abin da Leedom ya yi wa aikin Mayfield ke nan, ko da bai san sunan abin ba.

Mu kuma mun ga kishiyar haka da idonmu. A Mayun 2023, wata guda da fara yaƙi, ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya, a nan Umdurman, ya ƙone. Abin da ke da kwafi a wani wuri ya tsira, wanda shi kaɗai ne ya tafi. Ni kaina da muka komo na tarar da akwatin da nake ajiye takardun zaure na shekara ashirin a buɗe, sulhun aure da rabon gado da sunayen waɗanda suka rasu, ruwa da gara sun gama da su. Ban taɓa juyar ko ɗaya ba. Laifina ne.

Dattawan da suka ƙi suna da hujja biyu. Ta farko, wasa lagawu ne, ba a kai shi jikin masallaci. Wannan ba ta dame ni ba, domin samarin ba wasa suka roƙa a bar su su yi ba. Wasa suna yinsa dare da rana a waya ba da izinin kowa ba, wasannin da aka rufe cikinsu ruf, yaro ba ya ganin komai sai abin da aka so ya gani. Wannan kuwa a buɗe yake, layi bayan layi, kana iya bin sa da yatsa. Na tuna ƙarshen shekarun 1980, a gidan wani maƙwabci da mahaifinsa ke aiki a Saudiyya, akwai ƙaramar kwamfutar Sakhr ta kamfanin Al-Alamiyya na Kuwait, wadda ake jonawa da talabijin. Muka wuni muna kwafe wani shiri daga mujalla, waƙafi ɗaya muka tsallake, na'urar ta ƙi motsi. Ban taɓa haɗuwa da malamin da ya kai ta tsanani wajen gyaran allo ba. Kafin mu adana a kaset aka ɗauke wuta, washegari muka sake daga farko.

Hujja ta biyu ita ce mai nauyi, kuma wani limami da ya binne 'ya'yan mutane da hannunsa ne ya kawo ta. Ya ce yaran da suka kwana ƙarƙashin gado saboda rugugin igwa, su ne za a zaunar a koya musu harbi? Zaure ya yi tsit. Ba zan ce na rushe wannan magana ba. Abin da zan ce kawai, wanda ya iya karanta shirin ya iya sauya shi. Babba cikin samarin ya ce: “Baba Liman, in ka yarda sai mu cire harbin. Mu mayar da jirgin ayarin alhazai, tashoshin su zama rijiyoyi, makamashin ya zama ruwa da guzuri. Lissafin duk ɗaya ne.” Ni da za a bi tawa, su fara juyo shi yadda yake, harafi da harafi, sannan su sauya, domin almajiri ba ya yin sharhi kafin ya iya matani. Amma in sharaɗin Liman ne zai buɗe ƙofar, na karɓa.

Akwai kuma amfanin da ko samarin ba su ambata ba. Yawancin yaranmu a Hartum da Umdurman da Larabci suka yi makaranta. Suna jin Hausa a gida, wasu suna mayarwa, amma kaɗan ne suka taɓa rubuta jimla ɗaya da ita. Mai juya wannan wasa dole ya tsaya a kan kowace kalma: me za a kira garkuwar jirgi, me za a kira na'urar hangen nesa, yaya za a ce makamashi ya ƙare ba tare da an aro daga Larabci ba. Dole ya koma wurin kakarsa ya tambaya. Sannan ya yanke shawara, boko ko ajami. In boko ne, ya nemo ƙ da ɗ da ɓ waɗanda ba sa kan madannan da muke saya a kasuwa. In ajami ne, rubutu zai taso daga dama alhali taswirar gidajen tana ƙirguwa daga hagu, ya san yadda zai sulhunta su. Ina ganin su yi duka biyun, ajami a gaba, tunda shi idonsu ya saba da shi.

Kuɗin abin bai taka kara ya karya ba. Ba ya bukatar intanet. Tsohuwar kwamfutar cinya ɗaya da faifan sola na masallaci sun isa, ranar da babu caji kuma a bi shirin a takarda, yaro ɗaya ya zama na'ura yana lissafi, sauran suna ba shi umarni.

Baba Sarki ya ɗaga maganar zuwa zaman Juma'a mai zuwa. Na roƙi samarin abu ɗaya ko an ba su ɗakin ko an hana: in sun gama, su buga shirin a takarda kwafi uku, ɗaya a nan, ɗaya a aika Mai Wurno, ɗaya a ba duk mai tafiya Kano, kowanne da sunan wanda ya juya a ƙarshe. Sun ce sun yarda, muddin ni ma zan kawo musu ragowar takardun zaure su ɗauki hotonsu.