Tsohuwar da ba a rubuta ba tukuna

Duk wanda ya karanta littattafan yaƙi na Hausa ya san aljanin nan mai shekara dubu, ko bokan da ya yi ƙarni uku a cikin kogo. Abin da ke damuna da su shi ne shekarun ba su yi musu komai ba. Marubucin ya ɗora musu tsawon rai don ya nuna ƙarfinsu kawai, sai jarumi ya zo ya sare kan da takobi. Ba su tuna kowa, ba su kewar kowa.

A 1980 Octavia Butler, baƙar fata 'yar Amurka, ta fitar da *Wild Seed*. Jarumarta Anyanwu 'yar ƙabilar Ibo ce, ta kai shekara 300 lokacin da labarin ya fara a 1690. Ta binne mazaje, ta binne 'ya'ya, sannan ta ga jiragen bayi suna kwashe zuriyarta. Kafin ita, a 1946, Simone de Beauvoir ta Faransa ta rubuta labarin Fosca, wanda ya sha maganin hana mutuwa ya ƙare yana hassadar masu mutuwa. A waɗannan littattafai tsawon rai kaya ne mai nauyi, mai karatu kuma yana jin nauyin.

To a ɗauko wannan a kawo shi Kusada. A ce wata tsohuwa ce da aka haifa tun Haɓe na sarautar Katsina. Ta ji labarin shigar Ummarun Dallaji birni a 1807 daga bakin masu gudu, wasu 'yan uwanta suka bi su Maraɗi ba ta sake ganinsu ba. Ta ga Turawa a 1903, ta ga naɗin Sarki Dikko, ta biya haraji da kuɗin wuri, da sulai, da naira. An yi jihar Katsina a 1987 tana nan, Kusada ta zama ƙaramar hukuma a 1996 tana nan. Me za ta ce idan ɗan siyasa ya tsaya a kasuwar Kankia yana alkawarin sabon zamani? Ta ji wannan alkawari sau nawa? Littafin tarihi yana ba yaro shekaru ya haddace, ita kuwa za ta gaya masa wa ya yi kuka ranar.

Na san wasu za su ce irin wannan ƙage ya yi kusa da saɓo. Ban ga haka ba. Tsawon rai daban, dawwama daban. Annabi Nuhu (AS) ya zauna cikin mutanensa shekara 950, kuma ya rasu. Tsohuwar Kusada ma marubuci zai iya kai ta kabari a babin ƙarshe, in ya so ma a shekarar da masu garkuwa da mutane suka fara hana manoman Katsina kwana a gona.