Firizar da aka hana ta yin ƙanƙara

A watan Oktoban 1978 shugaban Amurka Jimmy Carter ya sa hannu a kan dokar da ta ba ɗan ƙasar damar dafa giyar da zai sha a gidansa. Daga nan dubban mutane suka duƙufa a gareji da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, kuma ba a jima ba suka ci karo da abin da kowace mai kindirmo ta sani: duk abin da ke tsimuwa ba ya son zafi ya yi ta hawa da sauka. Yawancin masu karanta wannan rubutu ba ruwansu da giya, addini ya raba su da ita. Amma dabarar da waɗancan mutane suka goge a kanta, ta sarrafa sanyi da kuɗi kaɗan, babu maye a cikinta, kuma mai yogot a Kano da mai kunun aya a Maraɗi sun fi su bukatarta.

Yis ɗin da suke aiki da shi iri biyu ne. Ɗaya yana son digiri 18 zuwa 22 a ma'aunin Salshiyas, ɗayan kuma 8 zuwa 13. Idan an gama, sai a juye giyar a tulun ƙarfe mai cin lita 19, irin wanda a da ake zuba ruwan lemon Pepsi da Coca-Cola, a ajiye shi a digiri 3 ko 4. Firjin gida ba ya iya wannan duka, na masana'anta kuwa ya fi ƙarfin aljihu. Sai suka koma ga firiza mai murfi a sama, sau da yawa ma ta hannu, suka haɗa ta da wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba.

An ƙera firiza ne ta tsaya a wajen digiri 18 ƙasa da sifili, kuma ko an murɗa maɓallinta zuwa ƙarshe sai ta daskarar da kaya. Na'urar tana shiga ne tsakanin fulogin firizar da soket ɗin bango, tana da waya mai ɗan kai da ke auna sanyin ciki. Mai ita ya zaɓi digirin da yake so, a ce 4. Sanyi na kaiwa nan sai ta yanke wuta. Ya ragu da digiri ɗaya ko biyu sai ta mayar. Ba a kwance komai a jikin firizar ba, ba a taɓa iskar gas ɗinta ba, ranar da aka so ƙanƙara sai a zare na'urar. Biyu ne suka fi yaɗuwa: STC-1000, wadda ake samu a dala 10 zuwa 15 amma sai mai gyaran wuta ya haɗa mata wayoyi, da Inkbird ITC-308, mai kimanin dala 35, wadda ke zuwa da soket biyu a shirye, ɗaya na sanyaya, ɗaya na ɗumama.

Firiza mai murfi a sama ta fi firji mai ƙofa a wannan aiki saboda iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi. An buɗe ƙofar firji sai ta kwararo ƙasa ta fice. An ɗaga murfin firiza kuwa tana nan kwance kamar ruwa a randa. Bangonta ma ya fi kauri.

Yanzu a dubi yadda mai ƙaramar sana'a take fama. Firiza ɗaya gare ta, ita ce komai. Ta bar yogot a ciki ya daskare, idan ya narke ya tsinke, ruwa ya ware gefe, mai saye ya ce an yi masa algus. Kwalba ta fashe. Zoɓo ya zama dutse, mai ƙishirwa ya tsaya yana girgiza roba. Don gudun haka sai ta riƙa kashe firizar da hannu, ta manta ba ta kunna ba, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Kunun aya ba ya yafe wannan: cikin 'yan sa'o'i ya yi tsami, roba ta kumbura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke saurin hayayyafa a abinci. Ke nan wurin da ya dace da kayan nan ɗan siriri ne, daga sifili zuwa 5, kuma hannun mutum ba ya iya tsare shi dare da rana.

Da hunturu kuma matsalar takan juya. Ƙwayoyin da ke mayar da madara yogot suna son digiri 40 zuwa 45 na tsawon sa'o'i huɗu zuwa takwas, shi ya sa ake lulluɓe tukunya da bargo ana fatan dacewa. Ko firizar da injinta ya mutu akwati ce mai riƙe ɗumi: a sa ƙwan fitila mai zafi a ciki, a haɗa shi da sashen ɗumama na na'urar, a tsayar da ita a 43.

Akwai kurakuran da suka ci wa Amurkawan injina da yawa, kuma bai kamata a maimaita su ba. Kwampreso, wato injin firizar, ba ya son a kashe shi a kunna nan take, sai matsin gas ya daidaita. Saboda haka a saita jinkirin da ke cikin na'urar, minti biyar zuwa goma. Kan wayar awo kada a bar shi yana lilo a iska, a manna shi a jikin roba mai ruwa a rufe da soso, don sanyin kayan ake nema. Sannan firizar da ba ta daskarewa tana tara ruwa a ƙasa, wanda in ba a goge shi ba tsatsa da fumfuna za su biyo baya. Ƙaramar fankar kwamfuta tana gauraya iskar, sama da ƙasa su zo ɗaya. A kuma duba cewa ƙarfin firizar bai wuce amfiya 10 da STC-1000 ke ɗauka ba.

Za a ce, ina wutar take? Tambayar tana kan hanya. A unguwar da ake kawo wuta sa'o'i huɗu a yini, ƙanƙara ita ce ajiyar sanyi, wanda ya hana firizarsa daskarewa kuwa ya zubar da abin da zai riƙe masa kaya idan an ɗauke. Irin wannan gida ya ci gaba da yin ƙanƙararsa. Dabarar ta masu sola da batir ce, da kuma 'yan rukunin Band A na masu biyan kuɗin wuta a Najeriya, waɗanda a Afrilun 2024 aka mayar musu da kuɗin yunit naira 225. Firizar da ke tsaye a digiri 4 injinta hutawa yake yi mafi yawan lokaci, kuma mai inbata zai ga bambancin a batirinsa kafin asuba.

Waɗanda ya kamata su fara ɗaukar wannan su ne masu gyaran firji da masu haɗa sola. Su ne ke shiga gidaje da shaguna, su ake tambaya kafin a sayi komai. Haɗa STC-1000 a cikin akwatin roba da soket aikin ƙasa da sa'a ɗaya ne ga wanda ya san waya, kuma ya fi dacewa su nuna wa mai yogot wannan kafin ta ci bashin firji mai gilashi.