MUSAYAR MOTA DA CIKO: KUNYAR MARA KUNYA ASARA CE

  Yau ƙorafi ne ya kawo ni, kuma tun daga farko ina neman afuwar duk wanda maganar za ta sosa wa rai, musamman dillalan mota, domin da yawansu sa'o'in iyayena ne. To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga wanda bai san ni ba, ni haifaffen Agyaragu ne, garin da ke kan hanyar Lafiya zuwa Makurɗi. Mahaifina daga ƙasar Katsina ya zo, tun nan ɗin yana cikin Jihar Filato, kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996. Doya ce ta kawo shi, ita ce kuma ta zaunar da shi, mu kuwa muka tashi cikin Migili da Eggon da Alago da Tibi, muna jin gida a bakin iyaye, muna ganinsa da Sallah.

Baba ba ya wasa da ciniki. Idan aka ce masa ga ƙwaryar doya, wato guda ɗari, ba zai taya ba sai ya sa an rushe tarin, ya ga na ƙasa, ya ƙwanƙwasa, ya duba wadda fartanya ta sara da wadda ta fara ruɓewa ta ciki. Sai ya yi awa guda yana jayayya a kan naira dubu biyu. Wannan mutumin ne aka ci wa naira dubu ɗari biyar a zama ɗaya, yana murmushi, yana godiya, har yana cewa Allah Ya bar zumunci.

YADDA ABIN YA FARU

A 2024 ne. Muna da Golf 3 mai dogon baya wadda Baba ya saya a 2015 kan naira dubu 650. Ta yi mana bauta, ta gaji. Baba ya ce yana son Sharan, irin wadda ake haya da ita, don ƙanensa ya riƙa jigila, in tafiyar gida ta taso kuma ta kwashe iyali. Sai wani dillali ɗan garinsu Baba ya ce ai ba sai an sha wahalar neman mai sayen Golf ba, akwai wani Alhaji mai sayar da motoci a Lafiya, namu ne, a kai masa tsohuwa a yi ciko a ɗauko sabuwa.

Muka je. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo lemo, aka yi gaisuwar mutanen gida ta kusan rabin awa. Alhajin ya zagaya Golf sau ɗaya, ya daki taya da ƙafa, ya ce, "Malam, ai ka iya riƙon mota. Don kai ne, na saye ta miliyan 2 da dubu 200." Na ga fuskar Baba ta washe. Sai Alhajin ya ɗora da cewa, "Ka ciko miliyan 2 da dubu 600 ka ɗauki Sharan."

Na matsa kusa na ce, "Baba, a tambaye shi mana nawa Sharan ɗin take in da kuɗi hannu ne." Dillalin ya harare ni ya ce, "Kai yaro, manya na magana." Ana cikin haka wani ya shigo yana ta shafa Sharan ɗin, yana cewa gobe da safe zai kawo kuɗinta. Nan take Baba ya ba da kafin alƙalami.

Bayan wata guda gaskiya ta fito. Wani direba a tashar Lafiya ya gaya mini shi ma ya taya wannan Sharan ɗin kafin mu, an sallama masa a miliyan 4 daidai, kuɗinsa ne ba su cika ba. Golf ɗinmu kuwa an sayar wa wani mai haya a hanyar Doma kan miliyan 1 da dubu 900.

To mai karatu, ɗauko biro mu yi lissafi. Da mun sayar da Golf da kanmu miliyan 1 da dubu 900, muka sayi Sharan miliyan 4, da cikonmu miliyan 2 da dubu 100 ne. Mun biya miliyan 2 da dubu 600. An yi wa Baba kyautar dubu 300 a kan tsohuwar motarsa a bainar jama'a, an ɗora masa dubu 800 a kan sabuwar a ɓoye. An ba shi da hannun dama, an karɓe da hagu har da riba.

CINIKI BIYU A ƘULLI ƊAYA

Wannan ita ce maganata, kuma a kanta na tsaya. Musayar mota ba ciniki ɗaya ba ce, ciniki biyu ne. Kana sayarwa, kana kuma saye. Duk mai son ya cuce ka zai ƙulle su wuri ɗaya ya ba ka lamba guda, wato ciko, domin muddin idonka na kan ciko, ba ka san nawa ka sayar ba, ba ka san nawa ka saya ba. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, mu kuwa birai biyu muka yi ciniki, duk suna kan reshe.

Abin da ya ƙara taimaka wa masu wannan dabara shi ne faɗuwar naira. A 2015 dalar Amurka a farashin gwamnati kusan naira 200 take. Bayan da gwamnatin Tinubu ta saki naira a watan Yunin 2023, ba a ci rabin 2024 ba sai da dala ta haura naira 1,500. Kafin nan ma, tun ranar 1 ga Janairun 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya tsuke hanyar 'yan Kwatano da muka saba da su. Sai kuɗin kowace mota ya yi sama, har da wadda ta sha jiki a gida. Saboda haka dattijon da ya sayi mota dubu 650, in aka ce masa yau an saya miliyan 2 da ɗoriya, gani yake ya ci riba ninki uku. Alhali dubu 650 ɗin nan a wancan lokaci sun haura dala 3,000, miliyan 2 da dubu 200 kuwa a ranar da muka yi musaya ba su kai dala 1,500 ba. Lambar ce ta kumbura, ba darajar ba. Mai saye ya san haka, mai sayarwa ne yake ta tuna farashin shekaru tara baya.

"AI NAMU NE"

Yanzu bari in zo inda ya fi yi mini ciwo. Da a ce wanda ba yarenmu ba ne ya faɗi wannan ciko, wallahi Baba sai ya ce albarka sau goma, ya tashi ya kakkaɓe riga. Na sha ganin yana yi da manoma Tibi da Migili, a yi ta ja, a rabu ana dariya, kowa ya san abin da ya samu. To amma da yake ɗan gida ne, sai kunya ta ɗaure masa baki.

Mu da muke zaune nesa da gida muna da wannan rauni. Wanda ya ji harshenka a baƙon wuri, ya san unguwarku, ya san wanda ya rasu da wanda ya yi aure, sai ka ji kamar ɗan ɗakinku ne. Wannan abu ne mai kyau, shi ya riƙe zango-zangon Hausawa tun daga Sabo ta Ibadan har Kumasi. Iyayenmu sun yi fatauci da amanar maigida da dillali, ba takarda ba lauya. Amma waccan amanar tana da ƙa'ida: la'adar dillali sananniya ce, kowa ya san ta, kuma wanda ya ci amana sunansa ya ɓaci a zango. Yau an riƙe gaisuwar an yar da ƙa'idar. Dillalinmu ya karɓi la'ada a hannun Baba, daga baya muka ji ya karɓa a wajen Alhajin ma. To don Allah wa yake yi wa aiki? Wanda zai ci daga ɓangare biyu, kuma rabonsa yana ƙaruwa ne in farashi ya hau, ta yaya zai tsaya maka?

Shi kuwa wancan mai shafa mota da alkawarin kawo kuɗi gobe, na sake ganinsa a wurin yana wanke gilashi. Malamai suna kiran wannan najashi, wato ka taya abin da ba ka da niyyar saye don ka ingiza wani, kuma babu wanda ya halatta shi.

MU MA BA MU FITA BA

Kada mai karatu ya ce na wanke kanmu. Kwana biyu kafin mu kai Golf, an juye mata baƙin mai mai kauri don hayaƙi ya lafa, an kuma wanke injin tas don kada a ga inda yake yoyo. Ni na kai ta. Sharan ɗin kuma ba ta yi sati uku ba ta ƙone gaskit a hawan da ke tsakanin Nasarawa Eggon da Akwanga, bakanike ya buɗe ya ce lagireto ya daɗe da toshewa, fanabita kuma ya nuna mana gefen da aka cike aka shafe da fenti. Mun ɓoye, an ɓoye mana, sai dai su sun fi mu iyawa.

Wani masanin tattalin arziki na Amurka, George Akerlof, ya yi rubutu a 1970 a kan kasuwar tsofaffin motoci, yana kuma cikin mutum uku da aka ba kyautar Nobel a 2001. Abin da ya gano kowane ɗan kasuwar doya zai gane shi. Idan mai saye ba ya iya bambance mai kyau da mai aibi, zai taya kowacce da matsakaicin farashi, ƙasa da darajar mai kyau, mai mota ta ƙwarai kuma sai ya ƙi kawo tasa kasuwa, a ƙarshe tarkace ne za su cika fili. Ashe ƙaryar da kowannenmu ke yi don ya tsira, ita ce take karya darajar motar mai gaskiya.

Na san abin da masu sayar da motoci za su ce. Za su ce sun zuba jari, suna biyan hayar fili da masu gadi, tsohuwar motar da suka karɓa tana iya yin wata uku ba a taya ba, ga gyara. Duk gaskiya ne, kuma ban ce kada su ci riba ba, ɗan ɗan kasuwa ne ni, da riba aka yi mini kuɗin makaranta har na gama sakandare. Da Alhajin ya ce, "Motarka miliyan 1 da dubu 900 za ta yi a kasuwa, ni a miliyan 1 da dubu 700 zan karɓa saboda wahalata," da ba ni da ta cewa. Wannan ciniki ne. Abin da na ƙi shi ne a yi maka kirari a gaba, a yanke maka aljihu a baya, sannan a ce alfarma aka yi maka.

SHAWARA GA NA BAYA

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga abin da kuɗinmu suka saya mana:

Na farko, kada ka ambaci musaya sai ka gama cinikin motar da kake so kamar mai kuɗi hannu. A sallama maka tukuna, sannan ka ce to ga tawa, nawa za a saya.

Na biyu, kafin ka je, ka kai taka tasha, direbobi biyu ko uku su taya. Su ne masu sayen irinta, tayinsu shi ne farashinta na gaskiya. Ka manta da nawa ka saye ta.

Na uku, ka tambayi dillali a gaban kowa, nawa ne la'adarka, kuma wa zai biya. In ya ɓata rai, ka riga ka sami amsa.

Na huɗu, ka je da bakanikenka, ba wanda suka kira maka ba. Ku je da sassafe a tayar da injin yana sanyi, a hau tudu da ita, a leƙa ƙarƙashinta a rami. Kada ka yarda da abin da mita ta nuna, ana mayar da ita baya.

Na biyar, takardu. Lambar shasi, wadda a motocin zamani haruffa da lambobi 17 ce, ta zo daidai da ta takardar kwastan da ta shaidar mallaka. In motar daga Amurka ta fito, da wannan lambar ana iya duba tarihinta a intanet ta kamfanoni irin su Carfax, a ga ko ta yi haɗari ko ruwa ya ci ta.

Na shida, a rubuta farashi biyun daban-daban a takarda da shaidu, kuma kada ka ba da kafin alƙalami don wani ya ce gobe zai kawo kuɗi. Mota ba ta ƙarewa a duniya.

Na bakwai, wanda ya fi wuya, ka faɗi aibin taka.

Har yau Baba bai ce wa mutanen nan komai ba, suna gaisawa a masallaci da wajen suna. Da na yi masa lissafin nan ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce, "Da doya ce da ba su iya ba." To ni roƙona ke nan ga iyayenmu da yayyenmu mazauna Agyaragu da Lafiya da Doma da duk inda neman abinci ya kai mu: ku rushe tarin mota kamar yadda kuke rushe na doya. Tambayar farashi ba rashin kunya ba ce, kuma zumuncin da tambaya ɗaya za ta kashe, da ma can ba shi da rai.

Allah Ya ba mu halaliyarmu, Ya raba mu da cin haƙƙin juna. Wassalam.

Naku,
Ɗan mai doya,
Agyaragu, Jihar Nasarawa.