Kontar Mai Magana da Rumbun da Ke Tara Maganarsa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa bayar da bashi ya san cewa mudu ba ya raba gardama ranar biya. Mudu ya auna hatsi ya wuce; abin da ake buɗewa in magana ta tashi shi ne littafi. In littafin ya jiƙe, ko an rubuta bashin wani a shafin wani, to gaskiyar mudu ta tashi a banza. Haka zancen yake ga wutar kuran. An daɗe ana labarin sabon kontar, wanda ƴan Najeriya ke kira mita, mai karanta kansa da kansa ya aika wa kamfani ƙidaya ba tare da ma'aikaci ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba. Amma ba a cika zancen wurin da ƙidayar ke sauka ba, alhali kuwa can ne ake haɗa faktir, can ne kuma kuɗin mutane ke ƙaruwa ko raguwa.

Misalin da ya fi kusa da hannu shi ne na Faransa. Kamfanin Enedis, reshen EDF mai rarraba kuran a kashi 95 cikin 100 na ƙasar, ya fara kafa kontar ɗinsa mai suna Linky a watan Disamba na 2015, kuma ya zuwa ƙarshen 2021 ya kafa kusan miliyan 35. Italiya ta riga ta, don kamfanin Enel ya kafa wajen miliyan 30 tun tsakanin 2001 da 2006. Shi Linky ba a ja masa wata waya ta daban ba. Saƙonsa yana bin wayar kuran ɗin kanta har zuwa ɗakin taransifoma na unguwa, inda wani akwati ke tattara saƙon gidajen da ke ƙarƙashinsa, sannan ya tura shi cibiya ta layin salula. Irin waɗannan akwatuna sun haura dubu 700 a faɗin ƙasar.

To, mai karatu ya ɗauki alƙalami. A da, ma'aikaci yakan karanta kontar sau biyu a shekara a Faransa. Yanzu kowane kontar yana aika ƙidayarsa kullum, wato saƙo miliyan 35 kowace rana ta Allah. Kuma yana iya rubuta abin da gida ya sha kowane rabin awa, sau 48 ke nan a yini da dare. Da a ce duka za a ɗauko, ƙidaya miliyar 1 da miliyan 680 za ta riƙa sauka kowace rana. Babu akawun da zai rubuta wannan, babu kuma kwamfutar biro da za ta ɗauke shi.

Wannan ne ya sa kamfanonin kuran da yawa a duniya suka koma ga abin da ake kira gajimare. Sunan yana ruɗi, don babu abin da ke rataye a sama. Manyan ɗakuna ne a ƙasa, cike da kwamfutoci dubu-dubu, da na'urorin sanyaya su, da masu gadi a bakin ƙofa. Mai su yana bayar da hayar wuri da ƙarfin lissafi ta hanyar intanet, kamar yadda mai sito ke bai wa fatake hayar lungu. Amfaninsa ga kamfanin kuran a fili yake: aikinsa ba ya zuwa daidai wa daida. Da dare saƙonni ke kwararowa, ƙarshen wata lissafin faktir ke tasowa, a tsakani kuma aiki ya lafa. Wanda ya sayi kwamfutoci na kansa dole ya sayi masu isar ranar cunkoso, su zauna banza sauran kwanaki. Mai haya kuwa yakan ƙara in aiki ya yi yawa, ya rage in ya lafa.

Sai dai samun sito shi ne ƙaramin aiki. Babban aikin shi ne tankaɗe da rairaya, domin ƙidaya ba ta isowa da tsabta. Wani kontar ya yi shiru kwana uku saboda layi ya yanke, rana ta huɗu ya juye duka a lokaci guda. Wani ya aiko saƙo ɗaya sau biyu. Wani agogonsa ya ja baya, sai ya rubuta wutar tsakar dare a lokacin da farashi ya fi tsada. A Faransa ma akwai wata matsala da Nijar ta huta da ita: ana sauya agogo sau biyu a shekara, saboda haka akwai rana ɗaya a watan Maris mai rabin awa 46, da wata a watan Oktoba mai 50. Tsarin da aka gina bisa cewa kowace rana 48 ce, ranar nan zai yi tuntuɓe.

Don haka masu gina irin wannan rumbu sukan kasa shi hawa-hawa. A hawa na farko ana ajiye saƙo yadda ya zo, ba a taɓa shi, ba a goge shi. A na biyu ana tantancewa: a fid da maimaici, a daidaita lokaci, a tsayar da lambar da hankali ba ya ɗauka, kamar ɗakin kwana ɗaya da ya sha wutar injin niƙa. Inda ƙidaya ta ɓace sai a yi kintace bisa abin da gidan ya saba sha, amma a sa masa alama cewa kintace ne, don a gyara in gaskiyar ta iso. Daga hawa na ƙarshe ne kawai masu faktir da injiniyoyi ke ɗiba. Hikimar ajiye saƙon asali ita ce ranar gardama: in mai gida ya ce an cuce shi, akwai abin da za a buɗe a nuna masa, a kuma ga hannun da ya sauya lamba da ranar da ya sauya ta. Rumbun da ba ya da wannan hawa na farko, sunansa zamani ne kawai, amma faktir ɗinsa bai fi na kintacen da ba.

Akwai kuma rajista, wadda ma'aikatan gwamnati za su fi kowa gane nauyinta. Dole a san wane kontar ke wane gida, a kan wane taransifoma, da sunan wa. A Faransa kowane wurin shan wuta yana da lamba mai alƙaluma 14 da ba ta sauyawa, ko an sake kontar, ko ɗan haya ya tashi wani ya shigo. In rajistar nan ta karkace, kwamfuta za ta yi lissafi daidai ta kai shi gidan da ba shi ba.

In an yi aikin da kyau, ribarsa ba ƙarama ba ce. A auna abin da ya fita daga taransifoma, a tara abin da kontar na gidajen ƙarƙashinsa suka rubuta, bambancin ya nuna unguwar da wuta ke zurarewa, ko ta tsohuwar waya ko ta hannun masu ja ta bayan fage. Haɗa wa sabon ɗan haya wuta, wanda a da yakan ci kwana biyar a Faransa, ya koma cikin awa 24, daga nesa. A hunturun 2022 zuwa 2023, lokacin da tashoshin nukiliyar ƙasar da yawa ke tsaye ana gyara, Enedis ya yi amfani da Linky ya hana na'urorin ɗumama ruwa na gidaje miliyan 4 da ƴan kai tashi tsakanin ƙarfe 12 da 2 na rana, ya bar su su yi aikinsu da dare. Nauyin da ya sauka daga kan layi ya haura megawat 2,000, wato ya ninka ƙarfin tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 fiye da sau sittin, ba tare da an yanke wa kowa wuta ba.

Amma fa ƙidayar rabin awa tana da baki. Tana faɗin lokacin da gida ya farka, da lokacin da ya kwanta, da makon da aka rufe shi aka yi tafiya. Shi ya sa a Faransa ba a ɗauko ta sai da yardar mai gida. Hukumar CNIL mai kare bayanan mutane ta gargaɗi kamfanin Direct Energie a watan Maris na 2018 a kan yadda yake neman wannan yarda, ta kuma gargaɗi EDF da Engie a watan Fabrairu na 2020 a kan neman yarda da kuma daɗewar ajiya.

Sannan ga zancen mai sito. Manyan masu bayar da hayar gajimare, Amazon da Microsoft da Google, duka na Amurka ne, kuma tun 2018 akwai dokar ƙasar da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninsu ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Sito na gida ma ba ya hana tsautsayi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin ɗakunan kamfanin OVH a birnin Strasbourg, waɗanda ba su ajiye kwafi a wani wuri ba suka wayi gari hannu rabbana. Biritaniya kuwa ta koyi nata darasi ta wata hanya: kontar na zubin farko kowane mai sayar da wuta ya haɗa nasa da tsarinsa, sai ya zama in mutum ya sauya kamfani, sau da yawa kontar ya daina aika saƙo. Sai daga 2019 aka fara kwashe su zuwa cibiya guda ta ƙasa.

A Nijar, mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram da Tawa sun san kontar na biya kafin sha, wanda ake danna wa lambobi. Wannan yana hana bashi, amma ba lalle ne yana aika wa kamfani labari ba. Biya kafin sha daban, magana da cibiya daban. Wanda ya ga watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta tsayar da wutar da take turowa, wadda ta kai wajen kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha, ya san darajar sanin abin da kowace unguwa ke ja a kowace awa: da shi ne ake raba ɗan abin da ya rage bisa lissafi, a ware asibiti da famfon ruwa, a faɗa wa mai injin ƙanƙara awar da zai samu.

Ƙasar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da ita, saboda haka tambayar inda za a ajiye ƙidayar gidajen mutane tana da mai amsa ta. Akwai kuma zancen layi. A watan Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka yi kwanaki cikin wahala. Kamfanin kuran da rumbunsa ke ƙetare yana bukatar ƙaramin rumbu a gida da zai ci gaba da sayar da wuta da karɓar ƙidaya har layi ya dawo. Yana kuma bukatar a rubuta cikin kwangila, tun kafin a sa hannu, cewa bayanan nasa ne, da tsarin da za a miƙa masa su ranar rabuwa, da kuɗin fitar da su. Masu gajimare ba su cika karɓar ko dala a kan shigar da bayanai ba. A bakin fita ne sukan ajiye ma'auni, su caji kowane gigabait.