Naɗin Ahmed Musa a Kano Pillars: Wa ke iko da wa?

Tun daga farkon watan Yulin 2025, lokacin da Gwamnan Jihar Kano, Abba Kabir Yusuf, ya amince da naɗa Ahmed Musa a matsayin Babban Manajan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Kano Pillars tare da sabuwar hukumar gudanarwa, zancen bai lafa ba a majalisun 'yan ƙwallo, da gidajen kallo, da shirye-shiryen wasanni na gidajen rediyo. Ba a Kano kaɗai ba, domin Pillars ƙungiya ce da ke da masoya a ko'ina Bahaushe yake a ƙasar nan, daga Sabo ta Ibadan har zuwa Agege ta Legas.

Abin da ya sa naɗin ya fita daban shi ne, wanda aka naɗa ɗan wasan ƙungiyar ne, kuma a lokacin bai jingine takalmansa ba. Mutumin da zai shugabanci ofis da safe shi ne zai sa riga ya shiga atisaye da yamma, ƙarƙashin mai horarwar da ofishin nasa ke kula da kwantiraginsa. A nan ne ra'ayin magoya baya ya rabu.

Masu murna da naɗin suna da hujjoji masu ƙarfi. Musa ba baƙo ba ne a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. A kakar 2009/2010 ya ci wa Pillars ƙwallo 18, adadin da ya zama mafi yawa da ɗan wasa guda ya taɓa ci a kaka ɗaya a gasar a wancan lokaci. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sai CSKA Moscow ta Rasha, sai Leicester City ta Ingila a 2016, sai Al-Nassr ta Saudiyya, ya kuma taka leda a Turkiyya. Ya ci wa Najeriya ƙwallo biyu a ragar Ajantina a Gasar Kofin Duniya ta 2014, ya sake cin biyu a ragar Iceland a ta 2018, kuma babu ɗan wasan da ya kai shi yawan buga wa Super Eagles wasa. Duk da wannan ɗaukaka, sau biyu yana komowa Pillars, a 2021 da kuma 2024, inda ya ci Sunshine Stars ƙwallo biyu a wasansa na farko bayan dawowar. Masu wannan ra'ayi na cewa mutumin da ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiyoyi a Turai, wanda kuma ya san wahalar ɗan wasan gida domin ya sha ta, ya fi cancanta da kujerar a kan ɗan siyasar da aka ba ta don saka masa da alheri. Suna ƙarawa da cewa sunansa kaɗai zai buɗe ƙofofin kamfanoni masu tallata hajarsu, kuma mutum ne da ya zuba jarinsa a Kano, har da cibiyar wasanni, saboda haka ba neman abin kai wa baka ya kawo shi ba.

Masu ɗari-ɗari kuwa, akasarinsu ba ƙin Musa suke yi ba. Tambayarsu ɗaya ce, sai dai tana da rassa. Idan mai horarwa ya ga Babban Manaja ba ya kan ganiyarsa, zai iya ajiye shi a benci? Idan ya ajiye shi aka yi rashin nasara, wa zai rubuta wa mai horarwar takardar tuhuma? Idan 'yan wasa suka taso da batun alawus, a wane ɓangaren teburi Musa zai zauna? Akwai ma wani abu da ba a cika faɗa a fili ba: kyaftin ɗin ƙungiyar, Rabi'u Ali, wanda ya haura shekara 40 kuma ya ci kofuna da Pillars, ya girmi sabon manajan nesa ba kusa ba. A cikin fili shi ne jagora, a ofis kuma ma'aikaci ne a ƙarƙashin ƙaninsa. Mutunta juna na iya rufe wannan giɓi muddin ana samun nasara. Ranar da aka yi rashin nasara uku a jere ne za a gane ko tsarin zai ɗauki nauyin.

Haɗa wasa da mulki ba sabon abu ba ne a duniyar tamaula, amma misalan ba su da yawa, kuma darasinsu gauraye ne. Vincent Kompany ya koma Anderlecht ta Beljiyam a 2019 a matsayin ɗan wasa kuma mai horarwa. Bayan wasa huɗu ba nasara, sai ya miƙa wa mataimakinsa ragamar ranar wasa, kuma a 2020 ya bar buga ƙwallo gaba ɗaya don ya fuskanci aiki guda. Juan Sebastián Verón, wanda aka zaɓa shugaban Estudiantes ta Ajantina a 2014, ya sake sa riga a 2017 yana kan kujerar. Sai dai shi mambobin ƙungiya ne suka zaɓe shi da ƙuri'a, su ne kuma ke da ikon sauke shi, kuma 'yan wasanni ƙalilan ya buga. Hatta tsofaffin taurarin da suka shiga ofis bayan sun yi ritaya, ba duka suka ji da daɗi ba. Edwin van der Sar ya yi karatun harkar gudanar da wasanni, ya riƙe sashen kasuwancin Ajax daga 2012, sannan aka ba shi shugabanci a 2016. Karl-Heinz Rummenigge ya shafe kusan shekara 20 yana jan ragamar Bayern Munich cikin nasara, amma magajinsa Oliver Kahn, gwarzon mai tsaron raga, bai cika shekara biyu ba aka sallame shi a watan Mayun 2023, a ranar da ƙungiyar ta lashe gasar Jamus.

Amma ba sai an je Turai ba. Gasar Firimiyar Najeriya ta ba da misalai uku a 'yan shekarun nan, kuma su ne suka fi kusa da halin da Pillars ke ciki. A 2023 Gwamna Alex Otti na Abiya ya naɗa Nwankwo Kanu shugaban Enyimba, ya maye gurbin Felix Anyansi-Agwu, wanda a zamaninsa ƙungiyar ta ɗauki Kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004. Da wuya a samu sunan da ya fi na Kanu girma a ƙwallon ƙasar nan, ya kuma karɓi ƙungiyar tana riƙe da kofin gasa, amma a 2024 da 2025 kofin bai koma Aba ba. A wannan shekarar dai Gwamnatin Inugu ta miƙa Rangers ga Amobi Ezeaku, lauya wanda ya daɗe yana aiki a cikin ƙungiyar, ba tauraron fili ba, sai ga Rangers ta lashe gasar a 2024. A 2025 kuma Remo Stars ta Ikenne, mallakar ɗan kasuwa Kunle Soname, ta ɗauki kofin, bayan shekaru tana gina filinta da makarantar renon 'yan wasanta. Wannan ba ya nufin tsohon ɗan wasa ba zai iya mulki ba. Abin da yake nunawa shi ne, shahara ba ta cikin abubuwan da suka bambanta wanda ya ci da wanda bai ci ba.

Wannan ya kai ga batun da muhawarar ta fi yin sakaci da shi. Pillars, wadda aka kafa a 1990, mallakar Gwamnatin Jihar Kano ce, kamar yadda mafi yawan ƙungiyoyi 20 na gasar suke mallakar gwamnatocin jihohi. A irin wannan tsari, Babban Manaja ba shi ne ke riƙe da bakin jaka ba. Kuɗin albashi, da na sa hannu a kwantiragi, da na tafiye-tafiye, duk daga baitulmalin jiha suke fitowa, ta hanyar takardun da sai sun bi ofis-ofis kafin a amince da su. Sama da manajan akwai hukumar gudanarwa da shugabanta, akwai ma'aikatar da ke kula da wasanni, akwai kuma gwamnan da ya yi naɗin, wanda zai iya warware shi da sanarwa guda. Saboda haka tambayar ko mai horarwa zai iya ajiye Musa a benci tana da yaya wadda ta fi ta girma: shin Musa zai iya cewa a'a idan wani mai faɗa a ji ya aiko da yaro a ɗauke shi? Zai iya ɗaukar mai horarwar da yake so, ya kuma kare shi idan aka fara ihu daga kujerun 'yan kallo? Kuɗin ƙofa da na tallace-tallace za su shiga asusun da zai iya tsara kasafi a kansa?

A nan ne, abin mamaki, hujjar masu goyon baya ta fi ƙarfi, ko da yake ba ta fuskar da suka fi kawo ta ba. Manajan da abincinsa ya dogara da kujerar ba ya iya yi wa na sama da shi musu. Musa ba ya cikin wannan hali. Yana da dukiyarsa, yana da farin jinin da zai sa duk mai son taka shi ya yi tunani sau biyu, kuma wayarsa na shiga inda ta wani manajan ba za ta shiga ba. Idan ya yi amfani da wannan dama wajen samar wa ƙungiyar ƙa'idoji rubutattu da hanyoyin samun kuɗi na kanta, naɗin zai yi amfani ko da bai sake cin ƙwallo ko ɗaya ba. Idan kuwa ya zama aljihunsa ne ke cike giɓin da tsari ya bari, yau ya biya alawus, gobe ya sayi kayan wasa, to 'yan wasa za su yi godiya, magoya baya su yi kirari, amma ranar da ya tafi ƙungiyar za ta koma inda ya same ta.

Aikin da ke jiran sa, mafi yawansa ba a gaban kyamara ake yin sa ba. Ƙa'idojin lasisin ƙungiyoyi na Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka sun buƙaci kowace ƙungiya ta cika sharuɗɗa a kan filin wasa, da ma'aikata, da takardun shari'a, da lissafin kuɗi, da renon matasa. Kaka guda wasa 38 ce, rabinsu a waje, kuma tafiya daga Kano zuwa Fatakwal ko Uyo ko Aba a mota yini guda ce cur, wani lokaci har da kwana. Kanawa ba su manta da watan Maris na 2015 ba, lokacin da 'yan fashi suka buɗe wa motar Pillars wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suka raunata 'yan wasa biyar. Makonni kaɗan kafin wannan naɗi ma jihar ta yi jimamin 'yan tawagarta sama da 20 da suka rasu a haɗarin mota a gadar Dakatsalle, suna dawowa daga Bikin Wasanni na Ƙasa a Jihar Ogun. Wace mota za a shiga, wa zai tuƙa, a ina za a kwana, nawa aka ware: waɗannan duk hukunci ne na ofishin manaja, kuma suna buƙatar mutumin da ke zaune a ofishin.

Sai kuma batun da magoya bayan da ke muhawarar ba su cika son a taɓo ba, domin su ya shafa. Pillars ta ci gasa sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta kuma yi kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015. Taron da ke cika filin Ƙofar Mata yana kirarin "Sai Masu Gida" na cikin sirrin wannan tarihi. Amma wasu daga cikin wannan taro ne suka jawo wa ƙungiyar asarar maki uku da tara da kora daga gida a watan Afrilun 2022, bayan tarzomar da aka yi a wasa da Katsina United. A kakar ce kuma hukumar gasar ta hukunta shugaban ƙungiyar na wancan lokaci bisa cin zarafin mataimakin alƙalin wasa, kuma a ƙarshenta Pillars ta faɗa gasar 'yan dagaji, sai a 2023 ta dawo. Tsaron fili, da tantance masu shiga, da hana duk wanda aka kama da tayar da fitina sake shiga, aiki ne da zai sa manaja ya ɓata da wasu masoyansa. Ga mutumin da ya saba a tarbe shi da tafi, wannan jarrabawa ta fi ta benci wuya.

Lokaci ma ba ya gefensa. Pillars ta kammala kakar 2024/2025 a tsakiyar teburi, sabuwar kaka kuma ta fara a watan Agustan 2025. A kakar 2025/2026 ba ita kaɗai ce daga Kano ba, domin Barau FC, mallakar Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Sanata Barau Jibrin, ta samu gurbin shiga gasar. Ƙungiya ce mai zaman kanta, wadda hukuncinta ba ya jiran takarda ta zagaya ma'aikata, kuma za ta nemi 'yan wasa a unguwannin da Pillars ke nema, ta nemi talla a wurin 'yan kasuwar da Pillars ke zawarci. Ganin cewa a lokacin naɗin masu ƙungiyoyin biyu ba jam'iyyarsu ɗaya ba, duk sakamakon da aka samu a tsakaninsu za a karanta shi da ma'anar da ta wuce ta ƙwallo, kuma matsin da zai biyo baya a kan teburin Babban Manaja zai sauka.

Akwai matakan da za su iya rage gardamar, kuma babu wanda ke buƙatar kuɗi a cikinsu. Hukumar gudanarwa na iya bayyana a rubuce cewa zaɓen 'yan wasan da za su buga hurumin mai horarwa ne shi kaɗai, cewa duk abin da ya shafi kwantiragin Musa na ɗan wasa ko hukunta shi hukumar ce za ta yanke ba ofishinsa ba, sannan a ambaci jami'in da zai riƙe ofis a ranakun da manajan ke cikin mota tare da sauran 'yan wasa a hanyar Uyo.