Kayan aro ba ya rufe katara: darasin wani wasan kwamfuta na Jamus

Ƴan uwa ƴan kasuwa, alhazai da hajiyoyi, mun san wani zai ce mi ya haɗa mai sayar da atamfa ko takalma da wasan kwamfuta na Turawa, wanda ma aka yi tun shekaru talatin da wani abu da suka wuce. To, ku ɗan ba mu aron hankalinku. Labarin da za mu kawo labarin ciniki ne, na wasu samari da suka kwaikwayi hajar wani suka kai kasuwa, da abin da ya same su bayan nan. Duk wanda ya taɓa zama rumfa zai gane kansa ko maƙwabcinsa a ciki.

A shekarar 1982 wani kamfanin Amurka ya fito da wata ƙaramar kwamfuta ta gida mai suna Commodore 64. Ana haɗa ta da tele, kuma wasanninta suna zuwa cikin kasat irin ta rediyo ko cikin faifai. Ta samu karɓuwa ƙwarai a Jamus ta Yamma, har yara ƴan lakwal suka koyi rubuta wasanni da kansu cikin ɗakunan iyayensu. Cikin wannan yanayi ne aka kafa wani kamfani mai suna Rainbow Arts a garin Gütersloh a 1984, wanda ya riƙa tattara irin waɗannan samari masu basira.

A 1985 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da Super Mario Bros., wato Mariyo ɗin nan mai gashin baki da ƴaƴanmu suka sani, mai tsalle yana fasa bulo da ka. Wasan ya yi kasuwa a duniya, sai dai a na'urar Nintendo ake yin sa, masu Commodore 64 ba su da shi. Rainbow Arts ya ga akwai masu so, babu mai sayarwa. A 1987 sai ya fito da The Great Giana Sisters. Armin Gessert ya rubuta wasan, Manfred Trenz ya yi zane, Chris Hülsbeck ya yi kiɗa. Maimakon ƴan uwa maza biyu sai aka sa ƴan uwa mata biyu, Giana da Maria. Amma tsallen, da bulon, da tsarin matakin farko, duk wanda ya san Mariyo da gani ɗaya zai ce ga inda aka samo.

Aikin ya yi kyau, wannan ba gardama, kuma mutane sun so shi. To amma mai kaya yana nan da ransa. Nintendo ya matsa lamba, aka janye wasan daga kantuna ba da jimawa ba. Ga kuma inda abin ya fi ciwo. Bayan an janye shi, sai yara suka shiga kwafarsa daga faifai zuwa faifai suna raba wa juna kyauta. Wasan ya shiga gidaje ba iyaka, sunansa ya cika Turai, amma waɗanda suka yi shi ba su ga ko dala daga waɗannan kwafe-kwafe ba. Sun kwafi wani, an kwafe su, kuma ba su da bakin kai ƙara.

Ba su tsaya nan ba. A 1988 sun fito da Katakis, wasan harbi da jirgin sama, wanda ya yi kama ƙwarai da R-Type na kamfanin Irem na Japan. Kamfanin Activision, mai izinin sayar da R-Type a kwamfutocin gida, ya taso musu. Dole aka sake wa wasan fasali, aka maida sunansa Denaris. Sai dai a nan wani abu ya faru da ya kamata mu lura da shi. Masu izinin sun ga cewa yaran nan sun iya aiki, sai suka ba su kwangilar yin R-Type na gaskiya, Trenz a Commodore 64, wata ƙungiyar samari ta birnin Kolon mai suna Factor 5 kuma a kwamfutar Amiga. Hannun da ya yi jabu jiya, shi aka ɗauka ya yi na asali yau.

A 1990 Manfred Trenz ya fito da Turrican, a 1991 aka yi na biyu. Shi ma ya ɗauki dabaru daga wasannin Japan, ba ma musun haka, amma wannan karon ya narka su ya ƙera nasa, da sunansa da kamanninsa. Babu wanda ya zo ya ce a kwashe daga kanti. Wannan wasa ne ya zama tambarin kamfanin. Kiɗan da Hülsbeck ya yi masa ya yi suna, har a 2008 ƙungiyar makaɗa ta gidan rediyon WDR ta shirya taro na musamman a Kolon don kaɗa kaɗe-kaɗensa. A 2021 aka sake fito da tsofaffin Turrican ɗin a na'urorin zamani, mutane suka sa kuɗi suka saya. Su kuwa Factor 5 sun koma Amurka, a 1998 suka yi wasan Star Wars: Rogue Squadron a na'urar Nintendo 64. Hatta Giana ta dawo a 2009, a na'urar Nintendo DS, bayan an sake mata fasali ta zama mai cin gashin kanta.

To, mi muke son faɗi? Ba mu ce kwaikwayo laifi ba ne. Babu telan da bai fara da warware rigar wani don ya ga yadda aka yanka ta ba, babu badukun da bai zauna gaban maigida yana kallon hannunsa ba. Waɗannan samari na Jamus ma da kwaikwayo suka goge. Abin da muke ƙi shi ne mutum ya tsaya nan ya maida shi jari. Hajar kwafi ba ta da mai tsaron ta: yau tana tafiya, gobe mai ita ya taso, ko wani ya kawo kwafin kwafin da ya fi naka araha.

Mun san abin da za ku ce, don muna jin sa kullum a bakin kasuwa: talaka ba ya iya sayen na asali, idan ba mu kawo mai araha ba maƙwabci zai kawo. Gaskiya ne, ba kowace mace ke da kuɗin atamfa ƴar Holan ba, kuma ita ma tana son ta fita biki. Ba wanda ya hana a sayar mata da mai araha. Amma a gaya mata ko mene ne. Hajiya, idan kin ce wa ƴar uwarki “wannan ta biyu ce, ga kuɗinta”, za ta saya da saninta, kuma ta dawo gobe. Idan kin rantse mata ta asali ce, wanki biyu ya tona asiri, kin ci ribar yini ɗaya kin rasa mai sayen shekara goma, ga kuma alhaki a wuya.

Kiranmu na biyu ga masu sana'ar hannu ne, da matasanmu da suka fara koyon aikin kwamfuta da salula. Mai ɗinka takalmi a Damagaram ko Maraɗi da ya iya aiki har ya liƙa tambarin wani kamfanin Turai a kansa, sunan wani yake ginawa da guminsa. Idan takalmin ya yi ƙwari, yabon ya tafi waje. Idan ya sa nasa sunan, ko da ciniki ya yi sanyi da farko, wanda ya ji daɗinsa ya san ƙofar da zai koma. Ku kuma alhazai masu jari, idan kun ga yaro mai hannu, ku ba shi aiki ya yi nasa, kamar yadda aka ba waɗancan samari kwangila.

Kamfanin Rainbow Arts ba ya nan yau, an haɗe shi cikin wani kamfani a 1999, shi ma Commodore ya karye tun 1994. Amma sunan Trenz da na Hülsbeck suna nan, kuma har yanzu ana sayen abin da suka ƙirƙira. Kowa ya dubi rumfarsa ya tambayi kansa: cikin kayan nan, wanne ne zan iya tsayawa a kansa in faɗi gaskiyarsa ba tare da na sunkuyar da kai ba? Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da cin haram.